Daga filin lakwal zuwa gidan likita: tsohuwar ɗalibar da abinci da motsa jiki suka zame ma sana'a

Akwai wani aiki da ya shigo ƙasarmu da ƙarfi cikin shekaru 20 da suka wuce, amma har yanzu Hausa ba ta tsai da masa suna guda ba. Ma'aikatan likita suna kiran mai yin sa da sunan Faransanci, nitirisiyonis. Matan ƙauye su ce likitan tamowa, ko kuma masu awo. Mu ma'aikatan rediyo mukan zagaya mu ce masanin abinci mai gina jiki, wanda ya fi kusa da gaskiya amma ya yi tsawo a baki. Aikin dai shi ne a dubi abin da mutum yake ci, a dubi jikinsa, a gaya masa inda aka samu giɓi da inda aka zarce.

Ɗaya daga cikin masu wannan aiki a jihar Maraɗi wata baiwar Allah ce da muka yi aji ɗaya da ita a CEG har muka ci birbe. A lise hanya ta rabu, ita ta bi sashen kimiyya ta yi bak D, ni na bi sashen A. Yau matar aure ce mai ɗiya uku. Da rana tana awon yara masu tamowa a wata cibiyar likita, da asuba kuma, kwana uku a mako, tana jagorantar wasu matan birni masu neman rage ƙiba. Ke nan cikin yini guda tana fama da waɗanda abinci ya gaza ma da waɗanda ya yi ma yawa. Ta yarda in rubuta labarinta bisa sharaɗin kada in ambaci sunanta ko inda take aiki, domin ma'aikatarsu ba ta barin a yi magana da ƴan jarida sai da izini. Matan da take yi ma aiki Malama suke ce mata, ni ma haka zan kira ta.

Ƙarfe 10 a bakin ƙofa

Da na tambaye ta abin da ta fi tunawa na zaman lakwal, ba ta kawo maganar jarrabawa ba, ba ta kuma kawo yajin ɗalibai da ya sha cinye mana makonni ba. Rekere ta kawo, hutun ƙarfe 10 na safe.

Duk wanda ya yi CEG a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya san wannan lokaci. Da an buga tsohon ƙarfen tayar mota da ke rataye bisa dogon yaro, sai ajujuwa su fashe, kowa ya nufi ƙofa inda masu talla suka jeru da tasoshinsu: mai wake da shinkafa, mai ƙosai da fanke, mai awara, mai garin rogo da ƙuli, mai ƙanƙarar apolo cikin leda. Mai dala 5 ya samu abin taɓa baki, mai dala 10 ya ƙoshi, mai dala 20 kuwa ranar nan abokai sun yi masa yawa. Malama ta ce ita ba ta taɓa rasa kuɗin rekere ba, mahaifinta ma'aikaci ne. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne waɗanda ba su zuwa ƙofar. Akwai yaran da suka ci sartifika a ƙauye aka turo su birni, suna zaune gidan mai masauki, ɗan uwa na nesa ko abokin uba, inda ake ba su wurin kwana da tuwon dare, sauran kuma kowa tasa ta fisshe shi. Su ne ke zama cikin aji ko gindin icce da littafi buɗe, su ce suna bitar darasi. Mu a lokacin ɗaukarsu muke yi masu ƙwazo. Da yawansu ƙwazon gare su kuwa, amma ba shi ya hana su fita ba.

Ta tuna yadda darasin da ke biyo bayan rekere yake kasancewa: rabin aji na gyangyaɗi, mushe na faɗa yana cewa ragwanci ne. Ta kuma tuna ƴan matan da ke faɗuwa wurin ɗaga tuta da safe, a ɗauke su ana cewa iskoki ne. Malama ba ta jayayya da kowa bisa maganar iskoki. Ta dai ce in yau aka kawo mata yarinya mai shekara 14 da ta faɗi cikin rana, kafin komi za ta tambaye ta abin da ta ci tun jiya da dare, sannan ta ja fatar idonta ta ƙasa ta duba ko ta yi fari. Yarinyar da ta fara jinin al'ada, ba ta karya ba, ta tako kilomita 3 ko 4 da ƙafa, aka tsai da ita rana, ba ta buƙatar wani dalili na daban kafin ta zube. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na shekarar 2012 ya nuna kusan rabin matan Nijar da ke cikin shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, yara ƙanana kuwa wajen 7 cikin 10.

Darussa biyu da aka raina

Cikin dukan abin da aka koya mana, darussa biyu ne ba wanda ya ɗauka da muhimmanci, kuma su ne yau Malama take cin abinci da su. Na farko ispor, wato EPS. Na biyu darasin tattalin gida, ekonomi familiyal.

Mai karatu da ya zauna waɗannan ajujuwa ya san dalili. Lissafi da Faransanci su ke da makin da ke ɗaga mutum ko ya kā da shi, don haka su ake yi ma kwana bisa fitila. Ispor kuwa fili ne mai rairayi da ƙaya, ƙwallo ɗaya ga yara 70 ko 80, da igiyar tsalle, da ƙarfen jifa. Mushen ispor ko cikin malamai ƴan uwansa ba a cika sa shi a lissafi ba. Ƴan mata da dama da sun fara girma sai su kawo takardar likita cewa ba su iya gudu, wasu da gaske, mafi yawa don kunya ko don gida an hana su sa wando gaban maza. Sai su jeru a inuwa suna kallo har awa ta cika. Malama tana cikin ƙalilan da suka ƙi zama. Takan sa dogon wando ƙarƙashin zane, in an zo fili ta kwance zanen ta ɗaura a ƙugu. Ba ta taɓa zama gwanar gudu ba, ta ce ko sau ɗaya ba ta zo ta farko ba, amma ta lura ranar da aka yi ispor ta fi barci, kanta kuma ya fi ɗaukar karatu.

Darasin tattalin gida ya fi shan wulaƙanci, musamman wurin maza, da ke kiran sa karatun tukunya. Malamar da ke koyar da shi ta taɓa zana da'ira uku bisa allo: abinci masu ba da ƙarfi, kamar hatsi da dawa da shinkafa da mai, masu gina jiki, kamar wake da gujiya da nono da nama da ƙwai, da masu kare jiki, wato ganye da ƴaƴan itace. Ta ce kowane kwano ya kamata ya taɓo ukun. Muka kwafe don jarrabawa, muka manta. Malama ta ce har yau, bayan duk karatun da ta yi, in ta zauna gaban matan ƙauye waɗannan da'irori uku take zanawa da yatsa bisa ƙasa.

Shekarar da ta sauya mata hanya

Muna ajin birbe aka shiga 2005. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri a wurare da dama, fara kuma ta sauka bisa abin da ya rage a wasu yankuna. Cikin watan Maris na 2005 jama'a suka fito a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa suna ƙin harajin TVA na kashi 19 cikin 100 da aka ɗora bisa kayan masarufi irin su madara da sukari da fulawa, har aka yi ranakun da kasuwanni suka kasance a rufe. Da damina ta kankama, buhun hatsi mai kilo 100 ya kai wajen jika 30 a wasu kasuwanni. Abin da ya ɗaure ma baƙi kai shi ne hatsin yana nan jibge a kasuwa, kuɗin saye ne babu, kuma jihar da yara suka fi jigata ita ce Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa. Hukumomin lokacin sun ƙi yarda a kira abin yunwa, shugaba Tanja Mamadu ya faɗi haka da bakinsa gaban ƴan jaridar waje. Cikin watan Agusta babban magatakardan Majalisar Ɗinkin Duniya, Kofi Annan, ya zo Damagaram ya gani da idonsa.

Cikin wannan hali wata gwaggon Malama ta sauka gidansu daga wani ƙauye na yankin Madarunfa, goye da yaro ɗan wata 18 da ba ya ko iya kuka da ƙarfi. Da yake jarrabawa ta wuce, ana hutu, ita aka sa ta raka su cibiyar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe. Nan ta fara ganin abin da bai cikin littafinmu. Ta ga ana rataya yara cikin wandon awo bisa sikeli, ana zagaya musu wani ɗan zare mai launi a dantse, ana danna bayan ƙafarsu da yatsa a ga ko wurin zai lotsa. Ta ga layin mata da ya fara tun kafin asuba. Yaron gwaggonta ya yi ƴan kwanaki a kwance ana ba shi madarar likita, da ya fara karɓar abinci aka sallame su da wasu ƴan ƙunshi da matan suka raɗa ma suna biskit, aka ce su dinga dawowa kowane mako. Ta ce kafin ƙarshen hutu yaron nan yana rarrafe tsakar gidansu yana jan wutsiyar akuya.

Wannan biskit shi ne Plumpy'Nut. Wani likitan Faransa, André Briend, tare da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset suka haɗa shi a 1996. Ba wani abin mamaki ba ne a ciki: niƙaƙƙiyar gujiya ce da garin madara da sukari da mai, aka ƙara sinadaran bitamin da na gina jini. Ƙunshi guda giram 92 ne, yana ba da kalori 500. Amfaninsa shi ne ba a dama shi da ruwa, ba a dafa shi, ba ya saurin lalacewa cikin zafi. Kafin zuwansa, yaro mai tamowa mai tsanani sai an kwantar da shi wajen wata guda ana dama masa madara da ruwa mai tsabta, uwa ta bar gona da sauran ɗiya a tsakiyar damina, gadajen kuma ba su isa. Da shi kuwa mafi yawan yara a gida suke jinya. A shekarar 2005 kaɗai MSF ta yi jinyar yara fiye da 60.000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, galibinsu a jihar Maraɗi, kuma wajen 9 cikin 10 sun warke. MSF ba ta taɓa yin aikin tamowa da ya kai wannan girma ba kafin nan, kuma yana cikin abin da ya sa a 2007 hukumomin OMS da PAM da UNICEF suka amince da jinyar tamowa a gida a matsayin hanyar da duniya za ta bi. A Yamai kamfanin STA ya shiga yin wannan abinci tun 2005.

Akwai maganar da ta yi yawo a garin nan a lokacin, cewa wasu mata da gangan suke barin ɗiyansu su rame don su samu rabon abincin da ake haɗa ma iyalin mai jinya. Na tuna mata da ita. Nan ne kaɗai cikin hirarmu na ga ranta ya ɓaci. Ta ce masu faɗin haka ba su kwana ɗaki ɗaya da uwar da ke tashi kowace awa tana kai kunne bakin ɗanta ta ji ko yana numfashi ba.

Bayan bak ta tafi Yamai ta yi karatun kiwon lafiya, ta ƙware a fannin abinci. A gida an so ta zama ungozoma ko ta nemi likitanci, domin su ne aka sani. Ta yi shekaru tana aikin kwantaragi da ƙungiyoyi, in kuɗin wani shiri ya ƙare a zauna gida, in wani ya buɗe a koma, kamar yadda mafi yawan masu wannan sana'a suke rayuwa.

Zare mai launi uku

Kayan aikinta na farko har yau shi ne zaren nan na awon dantse. Ana zagaya shi tsakiyar dantsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. In ya nuna ja, ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya ne, yaro na bakin rami. Kore kuwa lafiya. In duka ƙafafu biyu sun kumbura, an danna sun lotsa, to ko zare ya nuna mi, yaron na cikin haɗari. Wanda ke iya cin biskit ana bin sa daga CSI mako-mako, wanda ya ƙi ci ko yake da wata cuta a kai sai a tura shi CRENI a kwantar. Aikin ya fi tsanani daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da rumbu ya ƙare, zazzaɓin sauro kuma ya kama. A Mirya, cikin jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun nuna cewa uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya awon ɗanta da kanta in an koya mata, ta kuma kawo shi da wuri. Yanzu Malama na raba zaren ga iyaye mata su rataye a ɗaki.

To amma ta ce biskit kashe gobara ne. Yaron da aka sallama bana, ƙanensa ake kawowa baɗi, wani lokaci shi kansa. Binciken da ake yi shekara-shekara yana nuna fiye da yaro 4 cikin 10 a ƙasar nan tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kuma wannan tsumburewa cikin kwana 1000 na farko take faruwa, daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara 2. Abin da aka rasa nan da wuya a mayar da shi. Dalilan da take gani kullum ba su sauya ba: ana ɗura ma jariri ruwa da jiƙo kafin ya cika wata 6 alhali nonon uwa ya wadatar da shi, ana yaye yaro dare ɗaya da an ga uwa ta samu wani ciki, kunun da ake ba shi ruwa ne tsararo da ke cika ciki kawai, ga kuma camfin nan na cewa yaron da ya ci ƙwai ɓarawo zai zama. Abin da take koya ma mata babu na kanti a ciki. A dama kunun hatsi da kauri, a zuba garin ƙuli ko na soyayyen wake, a ƙara cokalin mai, in da hali a sa nono ko garin zogala. Abin da ke ba ta takaici shi ne Nijar na sahun gaba a duniya wajen noman wake, amma da kaka manomi ya sayar da shi da araha ya biya bashi, a loda a motoci a tsallaka iyaka, ɗansa kuma ya sha farin kunu. Zogalar Jiratawa ma a tasoshin ƴan birni ta fi ƙarewa. Ta ce tana sa ido bisa irin hatsin nan Chakti, mai yawan sinadarin ƙarfe, da aka fitar a Nijar a 2018, sai dai manoman da take hulɗa da su kaɗan ne suka taɓa riƙa shi a hannu.

Wani abin da ke ƙona mata rai shi ne ganin biskit bisa teburan ƴan tireda, ko a hannun ƙaton namiji yana shafa shi a burodi. Kowane ƙunshi da ya fita ta wannan hanya, daga bakin wani yaro aka cire shi.

Ɗaya gefen tabarmar

Aikin asuba kuwa wata maƙwabciyarta ce ta jawo shi. Matar wani ɗan kasuwa ce, ba ta kai shekara 45 ba, likita ya auna ta ya samu tansiyo ya wuce 14 da 9, sukarin jininta da safe kafin ta ci komi ya haura giram 1,26. Ya rubuta mata magani, ya ce ta rage gishiri da zaƙi, ta dinga tafiya da ƙafa. Ta zo wurin Malama tana tambaya: tafiya zuwa ina? Macen aure mai shekarunta in ta fita bakin titi da asuba tana sauri, kafin ta dawo unguwa ta gama yanke hukunci ko yaji ta yi ko taɓuwa ta samu. Sai suka fara zagaya tsakar gidan su biyu bayan sallar asuba. Yau sun kai wajen 20, cikin harabar wani gida mai katanga, ba namiji, kowa da doguwar rigarta da wando a ciki. Minti 40 suke yi: tafiya da sauri, miƙe gaɓoɓi, tashi da zama bisa benci, ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi a madadin ƙarfe. Cikin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, sukan rage, da azumi kuma su mayar bayan tarawi. Hukumar OMS ta ce babba na buƙatar aƙalla minti 150 na irin wannan motsi a mako, yaro ɗan lakwal kuwa awa guda kowace rana. Malama ta ce matar ƙauye da ke daka da jan ruwa da itace ta ninka wannan ba tare da ta sani ba. Matar birni mai ƴar aiki da injin niƙa da kabu-kabu a bakin ƙofa ita ce ba ta kai ko rabi.

Wahalar a nan ba ta motsi ba ce kaɗai. A wurinmu ƙiba shaida ce ta cewa miji na riƙo da kyau, mace in ta rame sai dangi su fara tambaya ko lafiya. Har yanzu akwai ƴan mata da amare da ke sayen ƙwayoyin ƙiba wurin masu tallan magani, ciki har da deksametazon, wanda ke kumbura fuska da ciki, yana kuma iya jawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. Shi ya sa Malama ba ta ce ma matanta su zo su rame. Takan ce su zo gwiwa ta daina ciwo, su iya sujada ba tare da haki ba, tansiyo ya sauka. Bisa abinci kuma ba ta hana tuwo ko fura. Dunƙulen miya take sa ma ido, tunda wajen rabinsa gishiri ne, ana jefa uku ko huɗu a tukunya a kuma ƙara gishiri, alhali abin da OMS ta shata bai kai giram 5 a yini ba, kimanin ƙaramin cokali guda. Sai lemun kwalba, wanda gwangwani ɗaya ke ɗauke da sukari wajen giram 35, kusan ƙwaya 7. Sai shayi.

A kan shayi ne muka ɗan saɓa. Ita tana ganin shayin fada, na ɗaya da na biyu da na uku, kowane da tulin sukari, kuma daidai bayan cin abinci lokacin da yake rage ma jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, babbar ɓarna ce ga samari. Ban musa mata ilimin ba. Amma ni da ke karɓar kiran masu saurare kowane mako na san saurayin da ba ya da aiki, wanda wani lokaci shayin nan ne abincinsa na rana, ba za a raba shi da butarsa da lissafin giram ba. In za a yi masa magana, a fara da rage sukari, a bar masa fadarsa.

Samarin da ke ɗaga ƙarfe ma suna zuwa wurinta. Tun da Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciyo azurfa a taikwando a wasannin Olimpik na Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017, sha'awar motsa jiki ta ƙaru tsakanin matasa, ɗakunan ɗaga ƙarfe sun yawaita a manyan garuruwa. Sukan zo da hoton gwangwanin garin gina tsoka da suka gani a Facebook, mai tsadar da ta fi kuɗin cefanen gidansu na mako biyu. Takan tambaye su ko sun taɓa jin Kantu, da ya ɗauki takobin kokowa na farko a Tawa a 1975, ya sha irin wannan gari. Sannan ta lissafa musu wake da gujiya da nono da ƙwai da kilishi da soyayyar fara, waɗanda duk suna nan kasuwa.

Kuɗin da matan asuba ke ba ta bai taka kara ya karya ba, wasu ma ba su biya. Cikin dangin mijinta akwai masu cewa ta yi karatu mai zurfi ta ƙare a tsalle-tsalle. Biyu daga cikin matan sun daina zuwa saboda mazansu sun hana.

Komawa bakin ƙofa

Babbar ɗiyarta ta shiga CEG, kuma Malama ta samu shiga kwamitin iyayen yara. Ta ce ta tarar da masu talla na nan yadda muka bar su, sai dai apolo da biskit na kanti da taliyar leda sun ture wake da ƙosai gefe, kuɗin rekere kuma ya ninka. Yaran da ke zama cikin aji da littafi buɗe su ma suna nan. Shirin ciyar da ɗalibai da gwamnati da PAM ke yi ya fi karkata ga makarantun karkara da na makiyaya, ɗan ƙauyen da ke CEG a birni ba ya ciki.

Ta kai ma kwamitin buƙatu uku: a samu randunan ruwan sha masu murfi, a ware ma ƴan mata lokacin ispor nasu su kaɗai ko za su daina kawo takardar likita, a kuma ɗan tara wani abu kowane wata a biya ma yaran da ke gidan masauki kwanon wake da shinkafa ba tare da an tallata sunansu ba. Randunan an saya. Maganar ispor an ce babu malama mace, ta ce ita za ta zo ranar Asabar kyauta, ana jiran amsar hukumar makaranta. Ta ukun kuwa an ɗage ta zuwa taro na gaba, bayan wani uba ya miƙe ya ce shi ma da ƙyar yake haɗa na ɗansa.